Sharhi kan Haɗa Sharuɗɗa a Ƙa'idar Mahaɗi: Abin da Prolog Ya Tona

Akwai wata gajeriyar ƙa'ida da ake yawan bai wa malaman yaƙi da jahilci: wai sunan tamata yana ɗaukar mahaɗin -r, na namiji kuwa -n. Malamin da ya riƙe ta hannu biyu a ajinsa na Bande, cikin gundumar Magariya, ba zai daɗe ba ɗalibi zai tambaye shi dalilin da ya sa ake cewa "gwamnatin Nijar", alhali gwamnati tamata ce. Ƙa'idar ba ƙarya ta yi ba. Sharuɗɗanta ne aka rage.

Hanya mafi tsanani ta gwada irin wannan ƙa'ida ita ce a rubuta ta da Prolog, harshen kwamfuta wanda Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙago a Marsai ta Faransa a 1972, domin sarrafa jimlolin Faransanci. A cikinsa waƙafi yana nufin "kuma", waƙafi mai ruwa yana nufin "ko". Ga ƙa'idar cikakkiya:

mahadi(X, r) :- tamata(X), tilo(X), karshe(X, a).

Wato sai sharuɗɗa 3 sun taru: tamata, tilo, ƙarewa da wasalin -a. In aka sa "ko" a gurbin "kuma" na ƙarshe, na'ura za ta haifo *gidar da *ruwar, domin su ma da -a suka ƙare. In aka cire sharaɗin tilo, aka bar wa jam'i jinsin tilonsa, ba za ta raba "matar Audu" da "matan Audu" ba.

Mu lura da abu biyu. Na farko, kishiyar "kuma" ita ce "ko": -n yana zuwa in suna namiji ne, ko jam'i ne, ko bai ƙare da -a ba, ɗaya daga ciki ya isa. Amma waƙafi ya fi waƙafi mai ruwa ƙarfin ɗauri, saboda haka "suna, namiji; jam'i" na'ura za ta karanta shi "suna namiji, ko kowane jam'i". Sai an rufe zaɓin cikin baka biyu sannan sharaɗin farko zai hau kan duka.

Na biyu, korewa a Prolog tana nufin "ban samu hujja ba" kurum. Kalmar kasuwar Bande wadda ba a shigar da jinsinta ba, na'ura za ta ce ba tamata ba ce, ta liƙa mata -n. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna jinsin sunaye, amma baƙin kalmomi irin na Faransanci da ke bakin mutanen Nijar sai an bi su ɗaya-ɗaya.

Shawararmu ga masu tsara littattafan koyarwa ita ce, kowane "ko" a ba shi layinsa daban da misalinsa, kowane "kuma" a gwada shi da kalmar da ta cika sharuɗɗa duka ban da ɗaya, kamar gida, gwamnati da mata.