Mawaƙanmu, wa ya ba ku tabbacin "har abada"?

Jama'a, waƙoƙin bikin nan sun ishe ni. Duk gidan bikin da ka leƙa a Garwa, daga Yelwa har Fulɓere, zancen lasifika ɗaya ne: ango da amarya har abada, daɗi har abada. Haba mai fiyano, wa ya ba ka wannan tabbaci? In kuwa ba haka ba, sai kukan yaudara tun daga amshi har ƙarshe, kai ka ce mutum bai taɓa dariya ba. Tsakanin biyun nan fa? Ina waƙar mutumin da yake cikin jin daɗi, ya san ba mai daɗewa ba ne, kuma bai fasa rawa ba?

Mutanen Brazil sun iya wannan. Tom Jobim da Vinicius de Moraes sun yi wa fim ɗin Orfeu Negro na 1959 waƙar "A Felicidade". Maganar talaka ce, mai wahalar shekara guda saboda kwanakin bikin kanibal, bikin ya zo ya wuce. Amma kiɗan mai taushi ne, jiki na kaɗawa. Abin da ke burge ni ke nan, shi ne kuma ke ƙona min rai, don ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ne fa masu cewa duniya rawar 'yan mata. Nana Asma'u ta yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa, Aliyu Namangi ya bar mana Infiraji. Su dai gargaɗi suka yi a kan duniya, amma ba su taɓa ɓoye mana halinta ba.

Kuma mu 'yan Garwa za a gaya wa? Janairun 2022, a filin ƙwallo na Roumdé Adjia, Najeriya ta doke Masar, ta doke Sudan, ta doke Gine-Bisau, gari ya ɗauki sowa. Ranar 23 ga wata Tunisiya ta zura wa Najeriya ɗaya, baƙi suka ɗaure kaya. Kwana goma sha biyu kacal! Wannan ba waƙa ba ce?

Na yarda, ba a zuwa gidan biki a ɓata wa amarya kwalliya, kuma Hamisu Breaker Allah ya ba shi murya, in aka sa "Jaruma" ba mai zama. To, a yi ta biki, ba mu hana ba. Amma a cikin waƙa goma da ake turo mana a waya, a samu ɗaya mana, wadda direban da ya sauke kaya a Ngaundare zai saurara a hanyar dawowa, washegarin sallah, kuɗin sun ƙare.