Dolly a Tsakanin Faranti da Cokali

A Amurka akwai gidajen wasa da tikiti ɗaya ke saya maka abincin dare da wasan kwaikwayo. 'Yan Nijar mazauna Greensboro sun san ɗaya, Barn, wanda aka buɗe tun 1964. Wanda na je ƙarami ne, na unguwa. 'Yan wasan malaman makaranta ne da masu ritaya, wasunsu ma su suka kawo mana abinci kafin su hau dandamali.

Sun yi Hello, Dolly!, wasan waƙa da barkwanci na 1964 wanda Jerry Herman ya tsara wa waƙoƙi. Dolly Levi mai dalilin aure ce da mijinta ya rasu. Attajirin Yonkers, Horace Vandergelder, marowaci na ƙin ƙarawa, ya sa ta nemo masa mata, ita kuwa kanta take yi wa tanadinsa.

Kashi na biyu ya ci kuɗinsa. Labarin ya koma gidan abinci na Harmonia Gardens, mu ma ga mu a gaban faranti, sai zauren duka ya zama dandamali. Masu hidima na tsere da tire a tsakanin teburanmu, Dolly ta sauko cikin jar riga ta matakala huɗu kacal, amma aka yi tafi kamar daga bene ta fito. Da ta zauna tana cin abinci a tsanake, Horace na tafasa, wani tsoho kusa da ni har ya ƙware don dariya. Muryar mai Horace ba ta kai ba, fiyano ɗaya ne duk kiɗan. Ban damu ba.

Abin da ya dame ni yana ƙarshen kashi na farko. A nan Dolly ke magana da marigayi mijinta Ephraim, tana roƙon ya sake ta ta koma cikin mutane. Duk wadda ta fita takaba ta san nauyin wannan roƙo, kuma shi ne ke hana mu ɗaukar Dolly a matsayin mai kwaɗayin dukiya kawai. A daidai lokacin ake ta kwashe kwanuka, cokula na ƙara, ana raɗa wa mutane tambayar kek ko kofi. Mai Dolly ta ji zauren na kuɓuce mata, sai ta ɗaga murya ta haɗa da kashe ido, ta samu dariyar da take nema. Ni kuwa laifin mai ba da umarni na gani: minti uku na tsayar da hidima sun isa.

Saboda haka da Dolly ta samu alamar da take jira daga Ephraim a ƙarshe, ta bakin Horace, kusan babu wanda ya lura. A teburinmu ana lissafin tukuicin mai hidima ne.