Kura da shan bugu: nazari kan hotunan Pieter Hugo

A shekarar 2007 Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da littafinsa The Hyena and Other Men, wanda ya tattara hotunan gardawan da ya bi a Nijeriya a 2005 da 2007. Ga su nan tsaye a gefen titi ko ƙarƙashin gada: wannan riƙe da kura cikin sarƙa, wancan da gwaggon biri an sa masa riga, wani kuma da mesa a wuya. Da hotunan suka bazu a Turai, masu kallo da dama sun ɗauka ƴan daba ne masu kiwon namun daji don burga, kamar yadda wani attajiri kan ajiye damisa a gidansa.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya san ba haka zancen yake ba. Wasa da kura sana'a ce ta gado: a buga ganga, jama'a su kewaye fili, gardi ya nuna ya gagari dabba, sannan ya sayar da magani. A nan littafin ya gaza, domin Hugo ya bar ganga da taro da tallan magani a waje, ya ɗauki mutum da dabba kawai. Sana'a ta ɓace, sai abin tsoro ya saura.

Amma wannan gazawar ta zo da amfaninta. Da kiɗa ya yi shiru, sai ido ya faɗa kan abin da muka saba kau da kai daga gare shi, wato takunkumi da sarƙa. A daji kura cikin dangi take rayuwa, mace ke jan gaba, kuma takan yi tafiya mai nisa cikin dare. A hannun gardi kuwa, iyakar duniyarta tsawon sarƙarta. Magabata sun riga Hugo ganin haka, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Saboda haka littafin ya cancanci malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su baje shi gaban matasa. A fara bayyana musu abin da baƙo bai fahimta ba game da gardi. Daga nan a tambaye su abin da mu kanmu muka ƙi tambaya: idan gardi gado ya yi, kurar da aka raba da dawa me ta gada?