Aya Sofiya da Idon Magini

A birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda mutanen dā ke kira Santambul, akwai wani gini mai suna Aya Sofiya, wato Hikima Mai Tsarki. Sarki Jastiniyan ne ya sa aka gina shi, daga shekara ta 532 zuwa 537. Ya yi shekara fiye da 900 yana majami'a. Da Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453 sai aka mai da shi masallaci. A 1934 gwamnati ta mai da shi gidan tarihi, a 2020 kuma ya sāke komawa masallaci. Gardama a kan ko na wane ne ba ta ƙare ba, har ta kan hana mutane ɗaga kai su dubi ginin kansa.

Daga waje ba shi da wani kyau na a zo a gani. Ya yi jibgi, an tokare shi ta ko'ina kamar tsoho mai sanduna da yawa. Gwanintar tana ciki. Duk maginin da ya taɓa ɗaure rufin soro da baka ya san wuyar ɗora abu mai da'ira a kan ɗaki mai kusurwa huɗu. Antemiyus da Isidor, masanan lissafin da aka ba aikin, sun tsai da manyan bakuna huɗu, suka cike tsakaninsu da gini mai lanƙwasa wanda ya taso daga kowace kusurwa yana buɗewa, har bakinsa ya haɗu ya zama zobe. A kan zoben nan kubbar ta zauna. Faɗinta ya kai mita 31, ƙololuwarta kuwa mita 55 daga ƙasa. A gindinta aka jera tagogi 40. In rana ta shigo ta cikinsu, ginin da ke tsakanin taga da taga ya kan ɓace wa ido, sai a ga kamar kubbar ba ta taɓa kome ba. Ƙarfin halin ya yi yawa a farko, gama kubbar fari ta rushe a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sāke ta da ƙarin tsawo, aka gama a 562.

Mai cewa sai mai bi ne kaɗai zai ga kyaun majami'a, tarihin gidan nan bai goyi bayansa ba. Kiristoci ne, a ƙarni na 8 da na 9, suka yi ta kankare siffofi a majami'un daular, suna cewa gumaka ne. Mayaƙan Kirista daga Yammacin Turai ne suka washe kayan bagadensa a 1204. Wanda ya fi kowa fahimtar ginin kuwa Musulmi ne, Sinan, babban maginin sarakunan Turkawa. Ya ƙara masa madogarai a ƙarni na 16 don kada ya faɗi. Ya kuma ɗauki tsarinsa, babbar kubba da rabin kubba gaba da baya, ya gina Masallacin Sulaimaniya wanda aka gama a 1557. Gaskiya kuwa, daga waje nasa ya fi na Jastiniyan tsari. Magini ba ya kwaikwayon abin da ya rena.

Ba dukan ƙarin da aka yi ne ya zauna daidai ba. Manyan faya-fayai takwas da aka rataya a ƙarni na 19, masu sunan Allah da na Annabi Muhammadu da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, rubutunsu na gwani ne, Kirista mai ido ma zai yaba. Amma girmansu, fiye da mita 7 kowanne, ya kan tare ido a tsakiyar hanya kafin ya kai sama inda maginan fari suka nufa da shi.

Sauran zane-zanen bango, waɗanda aka yi da ƙananan gutsattsarin gilashi da dutse da zinariya. An shafe su da yaɓe, ba a farfasa su ba, shi ya sa suka tsira har aka fara buɗe su a 1931. Na Budurwa Maryamu da ɗanta, wanda aka keɓe a 867, yana sama da wurin alƙibla, saboda haka da aka koma yin salla a 2020 aka sa masa labule. Mafi kyau yana bene ta wajen kudu, aikin ƙarni na 13 ne. Almasihu yana tsakiya, Maryamu da Yohanna Mai Baftisma sun sunkuya gare shi suna roƙo domin 'yan adam. Ƙasan zanen ya zube, fuskoki ukun ne suka rage da kaɗan daga jiki. Mai aikin ya lura da tagar da ke gefen hagu, ya sa inuwar fuskokin ta faɗi inda hasken tagar zai jefa ta, har a ce da mutum masu rai ne suke tsaye a wurin. Baƙin cikin da ke goshin Yohanna kuwa, duk wanda ya taɓa roƙon sassauci domin wani a gaban alƙali zai gane shi, ko da bai san sunan mai goshin ba.