Ƙagaggen Labari da Zaman Jama'a: Abin Lura a Jiki Magayi

Tun shekarar 1933, da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar ƙaga labari a ƙarƙashin Dokta East, a ke gardama a kan amfanin irin wannan rubutu. Shi East ya rubuta a 1936 cewa malamai da yawa sun ɗauki labari abin hirar mata da yara ne. A wurinsu, rubutun da ba ya gargaɗi ɓata tawada ne. Gardamar ta sake tashi daga 1990 zuwa gaba, sa'ad da a ka zargi littattafan soyayya na Kano da ɓata tarbiyya.

A ganinmu, labari ya fi gyara hali in ya nuna zaman mutane yadda ya ke, ya bar sakamako ya fito daga aikinsu. Dubi littattafan gasar nan. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam raha ce da al'ajabi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna yadda cinikin bayi ya ke raba ɗa da uwa. Amma Jiki Magayi, na John Tafida da East, shi ya fi kusa da ƙofar gida. Attajiri Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya nemo asiri ya mai da ɗansu Kyauta ɓarawo, har yaron ya zama ajalin ubansa.

Wani zai ce asiri ya fid da labarin daga gaskiya. Ba haka ba ne, gama mutanen da a ke ba da labarinsu sun gaskata asiri. Tushen masifar kuwa kuɗi ne da kwaɗayi da ƙullata, kuma marubutan ba su tsaya wa'azi ba.

Ɗalibin da ya tashi a Maƙarfi ko Kudan, ƙasar rake da mazarƙwaila, ko a Ikara, ya san yadda mai abin hannu ya ke rinjayar talaka wajen neman aure. Sabo da haka malamin da zai zaɓa masa littafi kada ya ƙirga nasihohin da ke ciki. Ya tambaya ko yaron zai gane mutanen garinsu a ciki, gama wanda ya gane kansa a labari ba ya bukatar a fassara masa darasinsa.