Manga: Littattafan Zane Uku Da Suka San Inda Za Su Tsaya

Duk wanda ya taɓa kallon kartun ɗin Naruto ko Dragon Ball, to ya ɗanɗani manga ko da bai sani ba, domin daga littafi aka ɗauko su. Manga dai shi ne sunan da mutanen Japan ke kiran littattafansu na labari cikin zane. Yawancinsu baƙi da fari ne, kuma daga dama ake karanto su zuwa hagu, tamkar ajami.

Babban ciwon manga shi ne jan rai. Naruto ya ci littafi 72, One Piece kuwa da aka fara a 1997 tuni ya haura 100. Mu da ke ƙorafi in marubuciya ta ja mu zuwa littafi na huɗu, ina za mu kai wannan? Shi ya sa muka zaɓo wa mai karatu guda uku waɗanda marubutansu suka san inda suka dosa, suka kuma dire alƙalami a kan lokaci.

A ɓangaren faɗa, Fullmetal Alchemist na Hiromu Arakawa (2001 zuwa 2010, littafi 27) shi ne kan gaba. Wa da ƙane ne, Edward da Alphonse, suka yi gangancin neman dawo da mahaifiyarsu da ta rasu ta hanyar wani ilimin sarrafa abubuwa. Ba su samu uwar ba, Edward ya rasa ƙafa, ƙanen ya rasa gangar jikinsa ɗungurungum. Sai da wan ya ba da hannunsa na dama kafin ya ɗaure ran ƙanen a jikin sulke. Ka ga tun farko jarumin da laifinsa ya taso, don haka kowane faɗa yana da dalili, ba wai a yi ta naushi don bos ya ji jiki ba. Mai son kallo ya lura: kartun ɗin 2003 ya saki layin littafin, na 2009 ne ya bi shi har ƙarshe.

A ɓangaren bincike da sarƙaƙiya, a nemi Monster na Naoki Urasawa (1994 zuwa 2001, littafi 18). Dakta Tenma likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Japan da ke aiki a Jamus. Ya bijire wa manyansa, ya yi wa wani yaro da aka harba a ka tiyata maimakon magajin gari. Magajin gari ya mutu, likita ya rasa muƙami da budurwa. Bayan shekara tara sai ga yaron nan, Johan, ya zama makashi. Shin ceton da ya yi kuskure ne? Wannan tambayar ce ke riƙe da labarin. Gaskiya tsakiyarsa na da nawa, ga taron mutane da sai ka riƙe sunayensu, amma mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Barkwanci kuwa, ga Assassination Classroom na Yusei Matsui (2012 zuwa 2016, littafi 21). Wata halitta ce ruwan ɗorawa mai hannuwa barkatai ta yi alwashin tarwatsa duniya cikin shekara guda, amma ta nemi a ba ta koyar da ajin da makaranta ta yi wa kallon daƙiƙai. Gwamnati ta sa wa ɗaliban ladar yen biliyan 10 in sun kashe malamin. Abin dariyar, suna kai masa farmaki yana gyara masu jinga, kuma ba su taɓa samun malami mai ƙaunarsu kamarsa ba. Za ka sha dariya, amma ka tanadi hankici don littattafan ƙarshe. Aibinsa shi ne wasu barkwancin na da ɗan rashin kunya, ga makamai a hannun 'yan makaranta, don haka ba na ƙananan yara ba ne.

Duka ukun akwai su da Turanci da Faransanci. Marubutanmu da masu tsara labarin fim su ma su leƙa, su ga yadda ake shuka abu a littafi na ɗaya a girbe shi a na ƙarshe. Wanda kuma aljihunsa ba zai ɗauki ukun ba, ya fara da Fullmetal Alchemist.