Harshe, Daraja da Matsayin Mace a Wasan Pygmalion

George Bernard Shaw, mutumin Dublin ta ƙasar Ailan, ya rubuta wasan Pygmalion a 1912. An fara nuna shi da Jamusanci a Biyana a 1913, sa'an nan a Landan a 1914. Sunan ya samo asali daga tatsuniyar Girkawa ta wani masassaƙi da ya sassaƙa siffar mace, ya kamu da sonta. Mai karatu da ya riƙe wannan zai zaci labarin soyayya ne, alhali kuwa tambayar wasan ita ce: me ya ke ba mutum daraja a idon jama'a, harshe ne, ko dukiya, ko kuwa yadda a ke ɗaukarsa?

Wasan kashi biyar ne. Henry Higgins, masanin ilmin furuci, ya ci karo da Eliza Doolittle tana tallar furanni a Covent Garden, tana magana da karin talakawan Landan. Ya yi caca da Kanar Pickering cewa cikin wata shida zai gyara mata baki har manya su ɗauke ta 'yar sarauta. Ya kuwa ci nasara. Amma gwanintar Shaw ita ce bai tsaya a nan ba.

A kashi na uku, a zauren mahaifiyar Higgins, Eliza ta furta kowane harafi daidai, amma zancen da ta kawo na unguwarsu ne, watau mutuwar gwaggonta da shan barasa, har ta rufe da kalmar ashar. Baƙi suka ɗauka sabon yayi ne. A nan dariyar ta faɗa kan manya, gama sun nuna sauti su ke saurara, ba ma'ana ba.

Mahaifinta Alfred, mai kwasar shara, shi ne ma'aunin da ya kamata a auna ta da shi. Ya zo ya karɓi fam biyar a kan 'yarsa kamar mai sayar da akuya. Daga baya wasiyyar wani attajirin Amurka ta ɗaga shi zuwa sahun masu hali, ba tare da ya sake ko wasali ɗaya na bakinsa ba. Uba ya sami dukiya ba harshe, aka karɓe shi. 'Ya ta sami harshe ba dukiya, ta rasa matsuguni. Hausawa sun ce magana jari ce, amma wasan ya nuna jarin nan ba ya cin kasuwa shi kaɗai.

A nan ne zancen mace ya shigo. A kashi na huɗu mazan biyu suna taya juna murna, ba wanda ya dubi wadda ta sha wahalar, har ta jefi Higgins da silifansa. Tallar da ta ke ci da kanta ta fi ƙarfinta yanzu, hanyar da a ke nuna mata kuwa ita ce aure. Watau ilmin da ya ɗaga ta ya rage mata 'yanci. Abin lura shi ne mata biyu, mahaifiyar Higgins da mai kula da gidansa, su ne suka hango wannan tun da wuri, malaman ba su kula ba. A kashi na biyar Eliza ta bayyana cewa ladabin da Pickering ya yi mata, musamman kiranta da sunan girmamawa, shi ne mafarin sanin darajar kanta.

Wasan yana da rauni. Shaw ya ba Higgins zaƙin baki har mai kallo ya kan yafe masa cin mutuncin da ya ke yi. Shi ya sa masu shirya wasan suka riƙa karkatar da ƙarshensa wajen soyayya, tun daga Herbert Beerbohm Tree a 1914 har zuwa My Fair Lady ta 1956. Shaw ya ƙara dogon bayani a bugun 1916 cewa Freddy ne Eliza ta aura. Lalle wasan da sai marubucinsa ya biyo shi da sharhi, akwai abin da bai daddale ba a kan dandali.

Duk da haka darasinsa ga malamin kwalejin horon malamai a fili ya ke. Wanda ya ke gyara wa ɗalibi Turanci, ko ya ke mai da Basakkwace ko Bakatsine kan daidaitacciyar Hausa, yana riƙe da irin ikon Higgins. Gyaran baki yana buɗe ƙofa, amma in an haɗa shi da raina karin da yaro ya tashi da shi, sai a raba shi da gida ba a ba shi wani ba. Malami na gari shi ne mai ilmin Higgins da ladabin Pickering.